Sauya famwayar sandar talabijin: wadda ta cancanci a taɓa da wadda ya kamata a ƙyale

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da sandunan kallo guda biyu da ake soka wa talabijin. Ɗaya Fire TV Stick 4K ce ta 2018 wadda ta fara nauyi, ɗaya kuma marar suna ce da na saya a kasuwar waya, a kwalinta an rubuta Android 13. Na ga ana cewa za a iya yi musu flashin da famwayar da wasu masana suka gyara, ko kuma a sa ta gwaji wadda ake kira beta. Shin zai ƙara musu sauri, kuma mene ne haɗarinsa?"

Malam, na'urorin nan biyu sun yi kama a ido, amma a wannan magana hukuncinsu ya bambanta ƙwarai, don haka amsa ɗaya ba za ta ishe su ba. A taƙaice, ta Amazon ɗin ka bar mata famwayarta ka gyara ta ta wasu hanyoyi, ita kuwa marar sunan ita ce ta cancanci a bincike ta, wataƙila ma a raba ta da manhajar da ta zo da ita. Dalilin wannan rarrabewa yana buƙatar a fahimci abin da ake taɓawa idan an ce an yi wa na'ura flashin, wato an sake rubuta mata famwaya.

Famwaya ita ce dukan manhajar da ke kwance a ma'adanar na'ura tun daga masana'anta, kuma hawa-hawa take. A can ƙasa akwai ɗan ƙaramin umarni da aka gina a jikin ƙwaƙwalwar na'urar, wato guntun da kamfanoni irin su MediaTek, Amlogic, Rockchip da Allwinner suke ƙerawa, wanda ba ya goguwa kuma ba ya sauyuwa. Shi ne yake fara farkawa idan wuta ta shiga, sai ya ɗauko manhajar tayarwa da ake kira butloda, ita kuma ta ɗauko zuciyar Linux, wato ginshiƙin manhajar da Android ke zaune a kansa, daga nan Android ko Fire OS ya tashi har ka ga hoto a talabijin. A na'urorin manyan kamfanoni kowane hawa yana duba hatimin na samansa kafin ya ba shi hanya, idan hatimin ba na kamfanin ba ne sai tafiyar ta tsaya a nan. Famwayar gwaji ta gaskiya tana ɗauke da wannan hatimi domin kamfanin ne ya fitar da ita. Wadda 'yan sa-kai suka gyara, wadda masu gyara ke kira kostom, ba ta da shi, don haka sai dai a buɗe butloda ko a sami wata ɓaraka a kewaye binciken. Wannan ne ya sa beta da kostom ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a bakin mutane ana haɗa su a jimla guda.

Sha'awar sauya famwaya tana da tarihi mai ma'ana. A 2012 ne sandunan Android na farko suka cika kasuwa, irin su MK802 mai guntun Allwinner A10, sai MK808 mai Rockchip RK3066, daga baya kuma waɗanda ke ɗauke da RK3188. Manhajar da suke zuwa da ita ta kwamfutar hannu ce da aka ɗora wa talabijin a gaggauce: Wi-Fi yana yankewa, bidiyo yana sarƙewa, kuma da yawansu suna zana hoto a ƙaramin ma'auni na 720 sannan su miƙe shi ya cika babban ma'auni na 1080. Masu gyara na sa-kai, waɗanda famwayar Finless ta fi shahara a cikinsu, suka riƙa fitar da gyararrun kwafi masu zuciyar da ke bayar da 1080 na gaskiya, suka cire tarkacen manhajoji, suka buɗe ikon shugaba da ake kira rut. A wancan lokaci duk wanda ya yi flashin yakan ga bambanci a fili, domin abin da masana'anta ta bayar ɗanye ne. Yawancin labaran da kake ji na cewa kostom na mayar da sanda sabuwa daga wancan zamani suka samo asali. Zuwan Chromecast a Yulin 2013 da Fire TV Stick a Nuwamban 2014 ya sauya lissafin, saboda waɗannan an ƙera su ne a kulle, kuma darajarsu ba a buɗewarsu take ba, tana cikin amincewar da kamfanonin finafinai suka yi musu.

Wannan amincewa ita ce abin da mutane suka fi mantawa, kuma ita ce asarar da ta fi zafi. Netflix, Prime Video da makamantansu ba sa sakin hoto mai inganci ga kowace na'ura. Akwai tsarin kariya na Google mai suna Widevine, kuma matakinsa na L1 yana nufin ana warware bidiyon ne a wani keɓantaccen ɗaki a cikin guntun, da makullan da aka zuba wa na'urar a masana'anta. Matakin L3 kuwa a manhaja kawai ake yin aikin, don haka kamfanonin sukan tsayar da hoton a ƙaramin inganci, kusan irin na tsohon faifan bidiyo, ko da talabijin ɗinka 4K ne. Netflix ma ba ya tsayawa a nan, yana da jerin samfuran da ya amince da su, wanda ba ya cikin jerin ba ya samun cikakken hoto ko da yana da L1. A wasu na'urori buɗe butloda kaɗai ya isa ya sauko da kai L3. A wasu makullan suna tsira har sai an goge sashen da suke ciki. Idan kuwa aka goge shi, babu wani fayil a intanet da zai mayar da su, domin ba a rarraba su kamar manhaja. Misalin yadda na'ura ta dogara da irin waɗannan takardun shaida ya bayyana a ranar 9 ga Maris 2025, lokacin da Chromecast na ƙarni na biyu da Chromecast Audio suka daina aiki a faɗin duniya saboda wata takardar shaida mai wa'adin shekara goma ta ƙare. Babu abin da ya lalace a jikinsu, amma babu wanda ya iya kallo sai da Google ta turo gyara, har ta gargaɗi mutane da kada su mayar da na'urorin saitin masana'anta a tsakani.

To mu zo kan taka ta Amazon. Fire TV Stick 4K ta 2018 tana da guntun MediaTek MT8695, ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabayit 1.5, ma'adana gigabayit 8, kuma tana gudana a kan Fire OS 6 wanda aka gina bisa Android 7.1. Gaskiya ne an taɓa samun hanyar buɗe ta. A 2019 masu bincike suka fitar da dabarar da suka kira kamakiri, 'yar'uwar amonet da aka yi amfani da ita a kan sanda ta ƙarni na biyu, kuma dukansu sun dogara ne da wata ɓaraka a umarnin farko na MediaTek. Yadda ake yi shi ne a fasa murfin sandar, a ɗaga ƙarfen da ya rufe fanel, wato allon da guntayen ke manne a kansa, a sa hantsaki a haɗa wani ɗigo da layin ƙasa na lantarkin fanel ɗin domin a hana guntun karanta ma'adana, shi kuma da ya rasa abin karantawa sai ya koma jiran umarni ta kebul ɗin USB, ta nan ake shigar masa da abin da ake so. Tun da umarnin farko ba ya sauyuwa, an ɗauka Amazon ba za ta iya toshe ƙofar ba. Sai ta bi wata hanya: a cikin guntun akwai wasu ƙananan fiyus da ake ƙonawa sau ɗaya tak, sai wata sabuntawa ta ƙona wanda ke rufe waccan ƙofa ta USB. Fiyus da ya ƙone ba ya haɗuwa. Sandar da ta shafe shekaru tana hawa intanet a gidanka tana karɓar sabuntawa da kanta kusan tabbas ta wuce wannan mataki, saboda haka bidiyoyin da ke nuna yadda ake buɗe ta, ko da a lokacinsu gaskiya suka faɗa, yanzu ba da taka suke magana ba.

Haka labarin yake ga Chromecast with Google TV da ta fito a 2020. A 2021 an bayyana hanyar buɗe butlodarta, har famwayar 'yan sa-kai ta LineageOS, magajiyar CyanogenMod da ta rufe a ƙarshen 2016, ta samu hawa kanta, amma dabarar ta yi aiki ne kawai a kan waɗanda aka ƙera da wuri kuma ba su karɓi gyaran da ya biyo baya ba. Chromecast na farko ma an buɗe shi cikin kwanaki da fitowarsa a 2013, Google ta rufe ɓarakar da sabuntawa ba da jimawa ba. Tsarin kenan a kowane lokaci: ƙofar takan buɗe na ɗan lokaci ga wanda na'urarsa ke kwance a kwali, ta rufe ga wanda ke amfani da tasa kullum. Alƙiblar kamfanonin ma ƙara matsewa take yi, domin Fire TV Stick 4K Select da Amazon ta fitar a 2025 ta bar Android gaba ɗaya ta koma Vega OS, wanda ba ya karɓar manhajojin Android da ake sakawa ta gefe.

Ko da a ce ƙofar a buɗe take, ban ga ribar da za ka samu ba. Famwaya ba ta ƙara ƙwaƙwalwar aiki, gigabayit 1.5 ɗin nan shi ne dai zai ci gaba da ɗaukar manhajojin da suka ninka nauyinsu tun 2018. Nauyin da kake gani yawanci daga abubuwa uku yake zuwa. Na farko cikar ma'adana, domin daga gigabayit 8 abin da ya rage wa mai amfani bai wuce biyar da ɗoriya ba, kuma idan ya kusa cika komai sai ya riƙa jan ƙafa. Na biyu wuta: mutane da yawa suna soka kebul ɗin a ramin USB na talabijin, wanda sau da yawa rabin amfiya yake bayarwa, alhali cajar da ta zo da sandar amfiya ɗaya ce, kuma ƙarancin wuta yana sa ta mutuwa tana tashi, wani lokaci ma a tsakiyar sabuntawa. Na uku zafi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Sanda ba ta da fanka, tana maƙale ne a bayan talabijin mai ɗumi a jikin bango, kuma a watannin bazara guntun yakan rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone. Ɗan gajeren kebul ɗin HDMI da ke zuwa a kwali, wanda kusan kowa ke jefarwa a durowa, yana nisanta ta da jikin talabijin iska ta samu ratsawa. Ka cire manhajojin da ba ka buɗewa, ka share tarkacen ajiyarsu, ka kashe bidiyon tallar da ke kunna kansa a fuskar farko, ka koma cajarta ta asali. Wanda ya iya ADB, wato hanyar aika umarni daga kwamfuta, zai iya dakatar da wasu manhajojin da ke gudu a ɓoye ba tare da ya taɓa famwaya ba, sai dai Amazon ta sha toshe irin waɗannan dabaru, musamman sauya fuskar farko, don haka abin da ya yi aiki bana ba lallai ya kai baɗi ba.

Batun beta kuwa sai an tambayi daga ina ta fito. Google ta buɗe shirin gwaji na Chromecast a 2016, ana shiga ta manhajar Google Home, kuma ita kanta ta ce abin da ake turowa famwaya ce da ta kusa fita ga kowa, kawai dai kai za ka riga samu. Roku, wani kamfanin na'urorin kallo, ita ma tana da shirin gwaji da ake neman shiga a zaɓi mutum. Irin wannan ba ya taɓa makullanka kuma ba ya buƙatar kebul ko hantsaki. Abin da ya kamata ka sani a kansa shi ne tafiyar gaba ce kawai. Na'urorin zamani suna riƙe da wata lamba da ke hana komawa tsohuwar famwaya, domin kada wani ya mayar da su sigar da ke da ɓaraka, saboda haka idan sigar gwajin ta zo da matsala, misali sauti ya daina tafiya daidai da baki ko rimot ya riƙa yankewa, fita daga shirin ba zai mayar da kai jiya ba, sai dai ka jira sigar da za ta fito gaba. Ga mai sanda biyu da ke jin daɗin kai rahoton kurakurai wannan ba komai ba ne. Ga talabijin ɗin falo da yara da baƙi ke kallo kuwa, ban taɓa ba kowa shawarar shiga ba, sai idan akwai takamaimiyar matsala da aka sanar cewa sigar gwajin ta gyara. Akwai kuma ƙarin cin data, tun da masu gwaji sun fi kowa yawan karɓar sabuntawa, kuma kowace tana iya kai ɗaruruwan megabayit.

Akwai nau'i na biyu na abin da ake kira beta, wanda shi ne ya fi yawo: fayil da aka ɗora a wani rumbun saukarwa aka rubuta masa sunan samfur da kalmar beta. Wasu ƙananan masana'antu masu mutunci suna fitar da irin wannan da kansu su nemi a gwada. Amma da zarar fayil ya bar hannun mai shi ya bi ta hannu uku ko huɗu, ba ka da hanyar sanin ko an taɓa shi, sai idan mai shi ya wallafa lambar tantancewa irin SHA-256 ka kuma gwada ta dace. A wajen haɗari, wannan da kostom ɗaya suke.

Yanzu ga marar sunan, wadda a ganina ita ce ainihin abin dubawa a tambayarka. Abu na farko, kada ka yarda da kwalin. Ya zama ruwan dare a irin waɗannan na'urori a gyara rubutun da ke cikin saiti ya nuna Android 13 da ƙwaƙwalwa mai yawa, alhali a ƙasa Android 7.1 ne ko 10 da gigabayit ɗaya. Lambar da ta fi wuyar ɓoyewa ita ce matakin API: Android 7.1 yana kan 25, Android 9 yana kan 28, Android 10 yana kan 29, Android 13 kuwa yana kan 33. Manhajoji irin su AIDA64 suna nuna ta, DRM Info kuma zai gaya maka matakin Widevine, wanda a irin wannan na'ura kusan kullum L3 ne. Wannan labari ne marar daɗi amma yana da amfani, domin yana nufin asarar da na yi ta jan kunne a kanta a sama ba ta shafe ta ba. Wanda ba shi da makulli ba ya tsoron ɓatar da shi.

Abu na biyu ya fi nauyi. A farkon 2023 wani mai bincike ya gano cewa akwatin T95 mai guntun Allwinner H616 yana zuwa da muguwar manhaja tun daga kwali. A Oktoban shekarar kamfanin tsaro na Human Security ya bayyana faɗin abin da ya kira BADBOX, a Disamban 2024 hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta katse sadarwar na'urori kusan 30,000 da suka kamu a ƙasar, a 2025 kuma aka bayyana zagaye na biyu, hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a watan Yuni, Google ta shigar da ƙara a Yuli tana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan goma. Kafin nan, a Satumban 2024, kamfanin Doctor Web ya ba da rahoton wata mai suna Vo1d a akwatuna kusan miliyan 1.3. Abin da waɗannan manhajoji ke yi shi ne danna tallace-tallace a ɓoye da kuma sayar da layin intanet ɗinka ga wasu su bi ta cikinsa su yi harkokinsu da adireshinka. Ga mai sayen data da kuɗinsa, wannan yana nufin ana sha masa data yana barci. Mayar da na'urar saitin masana'anta ba ya magani, domin cutar a cikin abin da masana'antar ta zuba take. Ban ce taka ta kamu ba, amma tana cikin jinsin da ake samun hakan, wato na'urorin da ba su da shaidar Play Protect ta Google, don haka har ka tabbatar kada ka shigar mata da babban asusunka na Google, kuma ka duba a rauta (na'urar Wi-Fi) ko wayar da kake ba ta intanet nawa take ci idan ba a kallo.

A nan ne sauya famwaya ke da hujja ta gaske, kuma a nan ne aka fi kashe na'urori. Dalilin kashewar guda ɗaya ne yake maimaituwa: mutane suna neman famwaya da sunan da ke jikin murfi. Sunaye irin su MXQ Pro 4K ba samfur ɗaya ba ne, murfi ne da masana'antu da dama ke zuba fanel daban-daban a ciki, wani Rockchip, wani Amlogic, wani Allwinner. Ko guntun ya zo ɗaya, ɗan guntun Wi-Fi yakan bambanta, haka nau'in ƙwaƙwalwar aiki da na ma'adana. Idan ka yi sa'a, famwayar da ba ta dace ba za ta tashi amma babu Wi-Fi, ko rimot ya ƙi amsawa. Idan ba ka yi sa'a ba, saitin ƙwaƙwalwar aiki ya saɓa, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na taɓa karɓar sanduna biyu daga hannun mutum ɗaya, kwali ɗaya, shago ɗaya, rana ɗaya aka saye su, da na buɗe sai na tarar da guntun Wi-Fi daban a kowace, kuma famwayar da ta tashi ɗaya ita ce ta kwantar da ɗayar. Saboda haka matakin farko shi ne a buɗe murfi a ɗauki hoton fanel gaba da baya, a karanta lambar da aka buga a jikinsa da kwanan watanta, da sunan babban guntu da na Wi-Fi. Da waɗannan ake neman famwaya.

Kowane gidan guntu yana da kayan aikinsa, kuma ba sa aron juna. Amlogic ana yi masa da USB Burning Tool, Rockchip da RKBatchTool ko RKDevTool, Allwinner da PhoenixSuit ta kebul ko PhoenixCard ta memori. Dukansu suna da yanayin ceto a umarnin farko, wanda a Rockchip ake kira MaskROM, a Allwinner kuma FEL, kuma tun da waɗannan arha ba a cika kulle su ba, na'urar da ta mutu a hannun flashin sau da yawa tana farfaɗowa, da sharaɗin kana da famwayar asali da ta dace da fanel ɗinta. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin aikin duka. Kafin ka rubuta komai a ma'adanar, ko dai ka kwafe abin da ke ciki gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta, ko ka samo famwayar asali ta wannan fanel ɗin, ka kuma tabbatar kwamfutarka tana ganin na'urar a yanayin ceto. Idan ɗaya daga cikin biyun nan bai samu ba, aikin ya tsaya a nan. A manhajar Amlogic ka kula da zaɓin gogewa, domin wanda ke share komai yana iya tafiya da lambar shaidar na'urar a kan sadarwa da sauran makullan da ke ciki. Batun wuta kuma ba sai an tuna wa ɗan Nijeriya ba: mintunan da ake rubuta butloda su ne mafi haɗari, don haka a yi aikin da laftof mai cikakken caji da gajeren kebul mai kyau, ba da kwamfutar tebur da ke jiran rahamar masu wuta ba.

Sai dai ka san abin da kake sakawa. Zuciyar Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL da ya wajabta wa mai rarraba ta ya saki tushen rubutunta, amma masana'antun na'urori masu arha ba kasafai suke yi ba. Sakamakon haka yawancin kostom na irin waɗannan na'urori, har da sanannu kamar slimBOXtv, ba daga tushe aka gina su ba. Famwayar wata masana'anta ce aka kwance, aka cire wasu abubuwa, aka sa fuskar Android TV, aka sake ɗaurewa. Tana iya fin ta asali tsabta da sauƙin sarrafawa da rimot, amma tsohuwar zuciyar tana nan da ɓarakokinta, lambar Android ta gaskiya ba ta ƙaru ba, kuma amanarka ta tashi ne daga masana'antar da ba ka sani ba ta koma kan mai gyaran da ba ka sani ba. Mai gyaran da ya shekara yana aiki a bainar jama'a, yana rubuta abin da ya sauya a kowace siga, ya fi fayil marar uba nesa ba kusa ba, amma wannan shaida ce ta hali, ba ta bincike ba.

Hanyar da na fi so, idan guntun ya ba da dama, ita ce a ƙyale Android ɗin gaba ɗaya. CoreELEC, wanda ya ɓalle daga LibreELEC a 2018 domin guntayen Amlogic, ƙaramin Linux ne da ba ya yin komai sai tayar da Kodi, manhajar kunna bidiyo da sauti, kuma tushen rubutunsa a buɗe yake. Ana rubuta shi a memori ko filashi, a zaɓi fayil ɗin da ke bayyana fanel ɗin daga babban fayil na device_trees a kwafe shi da sunan dtb.img, sannan a danne maɓallin ceto, wanda a akwatuna da yawa yake ɓoye a cikin ramin AV har sai an sa tsinken sakace, a soka wuta. Na'urar za ta tashi daga memorin ba tare da an rubuta famwaya a ma'adanarta ba, idan abin bai yi ba a zare memorin ta koma yadda take. Muddin CoreELEC ne ke gudana, Android ɗin da ake zargi yana kwance ne ba ya aiki. Ga wanda yawancin kallonsa finafinai da karatuttukan da ke kan filashi ko babbar ma'adanar kwamfuta (hard disk) ne, wannan yakan fi Android ɗin asali santsi a kan guntu ɗaya, domin babu abin da ke cin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Iyakarsa ita ce manhajojin Android ba sa aiki a ciki, kuma sanduna da yawa, saɓanin akwatuna, ba su da ramin memori, sai an nemi kebul ɗin OTG mai rassa biyu da zai ɗauki wuta da filashi a lokaci guda. Idan guntun Rockchip ne ko Allwinner, LibreELEC da Armbian suna da tallafi ga wasu daga cikinsu, amma a fanel marar suna Wi-Fi ne ya fi yawan ƙin tashi.

Idan ka buɗe ta ka tarar da gigabayit ɗaya da tsohon guntu irin RK3229, kuma ba ka sami famwayar asali da ta dace da lambar fanel ɗin ba, kada ka yi mata flashin ko kaɗan. Ka cire ta daga intanet, ka goge kalmar sirrin Wi-Fi daga cikinta, ka bar ta tana kunna abin da ke kan filashi, kallon intanet kuma ka mayar da shi kan ta Amazon bayan ka sauƙaƙa mata kaya ka kuma mayar mata da cajarta. Idan kuwa Amlogic ne daga jerin S905, ka aiko da hoton fanel ɗin ta fuska biyu yadda rubutun zai karantu, da adadin ƙwaƙwalwar da AIDA64 ya nuna, daga nan za a iya gane fayil ɗin dtb da za ka fara gwadawa.